Ku Masu Kewar Kalgo Daga Nesa

Da ku nake, ku da kuka tashi a Kalgo, yau kuna Abuja da Kaduna da Legas. Ba a ganin ƙeyarku sai ranar Idi ko in an yi rasuwa. Ku shigo gari gilashin mota a rufe, ku sauka a ƙofar gidan gado, kafin a kawo ruwa kun fara tsaki: "Garin ga ya lalace, da muna yara ba haka yake ba."

To, wa ya lalata shi?

Bakinku ba ya gajiya da labarin ƙuruciya: yadda kuke bin iyaye fadama korar tsuntsu daga shinkafa, ku dawo ku ɗauki allo, a hura wutar kara a yi karatun dare. An yi haka, ba mai musu. Amma gonar tudun da ta ciyar da ku, tana ina? Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, aka sa mazauninta a hanyar Kalgo zuwa Bunza, ƙasa ta yi daraja, ku ne farkon masu bugo waya a raba gado. Aka yanka gonar gero fuloti-fuloti, rabonku ya iske ku a banki. Ƙaninku da ke nomanta ya koma kabu-kabu. Shi ne kuma yau kuke zaunar da shi kuna masa wa'azi, wai matasan yanzu ba su son wahala. Haba, Yallaɓai!

Da ambaliyar 2020 ta shanye shinkafar Kebbi, me ya fito daga hannunku? Hoto a Facebook da "Allah ya kiyaye gaba." Firamaren da ta koya muku rubuta sunanku kuwa, ko leƙawa ba ku yi, balle ku san ko akwai benci.

Sai ku kwashi yara zuwa Gwandu, a tsaya hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a ɗauki hoto, yaran da ba su iya durƙusawa su gaida kakarsu da Hausa ba. Shi ma Malam ya taɓa ƙosawa da halin mutanensa. Ganin son duniya ya shige su, ya kama hanyar gabas da niyyar Makka, ya tsaya a Kano, can ya rubuta Liya'ul Hukkami. Amma ya juyo, ya ɗauki nauyin jama'a, a Gwandu aka rufe shi. Wannan ɓangaren labarin ba ku ba yaran.

Ko kwana ɗaya ba ku iya yi a ɗakin da aka yanke muku cibiya. Kafin magariba kun miƙa wa Inna 'yan dubbai a ambulan, kun nufi otal a Birnin Kebbi, wai sauro ya yi yawa.