Makin zumunci a wasannin bidiyo: Kada aminci ya zama ciniki

Duk mai buga wasannin bidiyo masu labari ya san takaicin ganin amsar da yake son bayarwa a kan allo, amma a kulle, saboda makinsa da wani abokin tafiya bai kai ba. Wannan maki shi ne ma'aunin kusanci tsakanin ɗan wasa da mutanen cikin labarin. Yana hawa ko ya sauka gwargwadon abin da aka faɗa ko aka aikata, kuma shi ke yanke ƙofar da za ta buɗe.

Tsarin yana da hujja, domin ba wanda ke faɗa wa baƙo sirrinsa ranar farko. A wasan Stardew Valley na 2016, kowace zuciya maki 250 ce, kuma sai an tara goma ake iya neman aure. An taƙaita kyauta zuwa biyu a mako ga mutum ɗaya, don haka dole a yi ta zirga-zirga. Zumunta a ƙafa take, ko a cikin kwamfuta.

Matsalar tana farawa ne idan maki ya maye gurbin hali. A Dragon Age: Origins, wanda kamfanin BioWare na Kanada ya fitar a 2009, ɗan wasa zai iya ɓata wa aboki rai a kan babban lamari, sannan ya yi ta jibga masa kyaututtuka har makin ya dawo.

Mass Effect 2 na 2010 ya nuna wata illar. Idan rigima ta ɓarke tsakanin Miranda da Jack, sai wanda ya tara maki mai yawa a ɓangaren kirki ko na zafin kai ne zai iya sasanta su. Wanda ya riƙa auna kowane lamari da hankalinsa, yau sassauci gobe tsanani, yakan rasa amincewar ɗaya daga cikinsu, abin da ke iya jawo mutuwarta a yaƙin ƙarshe. Darasin da ɗan wasa ke ɗauka shi ne ya daina tambayar abin da ya dace, ya bi abin da ke cika ma'auni.

BioWare ya gyara wani ɓangare a Dragon Age II na 2011. Ma'aunin yana da kai biyu, abota da hamayya, kuma kowanne yana buɗe labari, har da soyayya. Saɓa wa aboki bai zama asara ba.

Wannan ce turbar da ta kamata masu ƙera wasanni su bi. Manyan zaɓuɓɓuka su dogara da ayyukan da mutanen labarin ke tunawa, kamar alƙawarin da aka cika ko aka karya. Idan ƙofa ta rufe, wata ta buɗe zuwa labari na daban. Sannan ɗan wasa ya ji dalilin rufewar daga bakin abokin nasa.

Matasa na kwashe sa'o'i masu yawa a cikin waɗannan labarai. Bai kamata su tashi da tunanin cewa kyauta da daɗin baki sun isa su sayi amincin mutum ba.