Uwar Marayu Ma Tana Bukatar Mai Saurarenta

Sharhinmu na yau ya leƙa ƙasar Gobir, Sabon Birni da Isa.

Tun watan Mayun 2020 da 'yan bindiga suka afka wa Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari suka hallaka mutum sama da saba'in, yankin bai huta ba. A Disambar 2021 aka ƙone matafiya cikin mota kusa da Gidan Bawa. A 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun masu garkuwa. Mafi yawan waɗanda ake kashewa maza ne, ragamar gida kuma sai ta faɗo hannun matansu.

Ku dubi wata baiwar Allah daga cikinsu. Ta gama takabarta ta wata huɗu da kwana goma, masu gaisuwa sun watse, ta koma suyar ƙosai a garin da take gudun hijira. Da ta ji ƙarar babur sai matsami ya kuɓuce mata, gabanta na dukan uku-uku. Dare ya raba idonta biyu. Da safe yaro ya zubar da koko ta rufe shi da duka, daga baya ta janyo shi jikinta tana kuka. 'Yarta ta bar Islamiyya ta kama talla. Mu kuma sai mu ce mata, "Sai haƙuri." Haƙuri kam ta yi shi, amma firgici da ciwon damuwa cuta ce mai magani, kuma idan aka bar uwa da ita har 'ya'yan sai ta taɓa.

Asibitin masu taɓin hankali na tarayya da ke Kware ya yi mata nisa, hanyar ba tsaro, kuma tana tsoron a kira ta mahaukaciya. Akwai mafita kusa. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsari na zama biyar, mako-mako, wanda ko ba likita ba zai iya gudanarwa in ya samu horo. Ana koya wa mace jan numfashi a hankali in tsoro ya taso, da ɗaukar matsalolinta ɗaya bayan ɗaya, da komawa cikin dangi da maƙwabta. An gwada shi kan mata a Nairobi ya yi aiki. A Zimbabuwe ma, Dokta Dixon Chibanda kakanni mata ya horar suna sauraren mutane kan benci a harabar asibiti.

Gobir na da ungozoma da malaman Islamiyya mata da ma'aikatan lafiya na karkara, waɗanda matan nan suka yarda da su. Muna kira ga gwamnatin Jihar Sakkwato da ƙungiyoyin agaji da su horar da su, su biya su, a kuma haɗa wannan zama da rabon hatsi da jarin sana'a. Mai sauraro, in akwai uwar marayu a maƙwabtanka, tura iyalinka su zauna da ita yau.