Cinikin dabba ta waya: wa zai tsaya wa mai saye?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani ciniki da ya shigo mana ta cikin waya, wato saye da sayar da dabbobi ta shafukan talla na intanet. Ni malamin makaranta ne mai ritaya, kuma tun ina aiki nake taɓa kiwon turke: raguna huɗu ko biyar, in sayo su wata shida kafin Babbar Sallah, in yi ta ba su dusa da harawa da ƙowa har su yi ƙiba. Uwargida ita ma tana da awakinta. Fiye da shekara ashirin ina cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ban taɓa sayen dabbar da ban ɗora wa hannu ba, sai bara.

Gwiwa ce ta matsa mini, kuɗin mota kuma ya yi tashin da kowa ya sani tun da aka cire tallafin mai a 2023. Sai ɗana ya kawo mini wayarsa, ya nuna mini talla a wani shafi. Ba zan kama sunan shafin ba, domin ba su suka ɗaure mini hannu ba. 'Yan raguna ne Balami guda biyu, farare tas, kunnuwa har wuya, ga doron hancin nan da mai kiwo ke so. Mai su ya ce yana wata jiha, ya turo hoto da bidiyo, farashin kuma ya yi ƙasa da na kasuwa sosai. Da na yi tayi bai ma ce albarka ba. Abin da ya ce shi ne akwai wani Alhaji da ke so, in kuɗina bai shiga kafin la'asar ba zai sallama masa. Na tura kuɗin duka, har da na mota.

Kada in ɗauki alhakinsa, ragunan sun iso. Amma da direba ya sauke su sai na fara neman waɗancan na cikin hoton. Daga baya na koma na ƙura wa hoton ido, na gane dabarar: mai ɗauka ya durƙusa ne ya ɗauko su daga ƙasa, wanda ya riƙe igiyar kuma yaro ne da bai wuce shekara shida ba. Kusa da irin wannan yaro ko ɗan tunkiya sai ya zama maraƙi. Ɗaya daga cikin ragunan yana da majina da kwantsa a ido, na ce iskar hanya ce, na ɗaure su a garke ɗaya da awakin gida. Wannan kam laifina ne, ba na kowa ba.

Kafin mako ya zagayo awaki sun fara tari da zawo, bakinsu ya yi gyambo, sun ƙi ko kallon harawa. Malamin dabbobi da ya zo ya ce cutar nan ce da suke kira PPR, wadda ke kama awaki da tumaki, tana kwana huɗu zuwa shida a jikin dabba kafin ta bayyana, kuma ba ta da magani sai rigakafi. Ya ce allurar tana nan, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato na yin ta, kuma in an yi sau ɗaya tana kare dabba shekara uku. Namu ba a yi musu ba. Cikin awaki bakwai uku suka mutu, ragon mai majina ya bi su. Garin neman ƙiba na samo rama.

Na kira mutumin. Ya ce, "Haba Baba, dabba ai mai rai ce, lafiya lau ta bar hannuna." Kira na biyu wayar a kashe. Talla kuma an goge ta. Uwargida ba ta ɗaga murya ba, ta dai dube ni ta ce, "Malam, ko tukunyar ƙasa ka taɓa saye ba ka ƙwanƙwasa ba?"

Tun daga ranar nake tunanin abin da kasuwa ke ba mu wanda waya ba ta ba mu. Da farko na ɗauka gani ne da taɓawa kawai. A tike sai ka buɗe bakin rago ka ƙirga haƙora: in ya yi biyu ka san ya haura shekara, in ya yi huɗu yana wajen shekara biyu, in sun cika takwas har sun fara cinyewa ka san tsoho ne komai kyan gashinsa. Ka shafa gadon baya da gindin wutsiya ka ji nama, ka ja fatar ido ka ga ko da jini, ka leƙa ƙarƙashin wutsiya ko akwai alamar zawo, ka sa a ja shi ya taka ka ga ko yana ɗingishi. Mai sayen dabbar layya ma ya fi kowa bukatar wannan, tunda mai ido ɗaya da gurguwa da marar lafiya da ramammiya ƙwarai ba sa isar wa layya.

Amma da na ƙara tunani sai na ga babban abin da na rasa shi ne dillali. E, dillalin nan da muke ta gunaguni a kan la'adarsa, muna cewa yana ci ta gaba yana ci ta baya. Shi ya san wanda ya kawo dabbar, ya san rugar da ta fito ko unguwar da aka kiwata ta. In ka kai ta gida ta nuna aibi, Alhamis mai zuwa za ka same shi a gindin turkensa, in ya yi gardama akwai sarkin tike. Ba zai kashe waya ya ɓace ba, domin abincinsa da mutuncinsa duk a wannan fili suke. Haka iyayenmu fatake suka yi ta kai shanu Ibadan da Legas suna ba mahauta bashi, ba takarda ba banki, saboda maigidan da ya sauke su shi ke tsaya musu in mahauci ya ƙi biya. Shafin talla ya ɗauko mai saye da mai sayarwa ya haɗa su, ya bar wanda zai tsaya a tsakani.

Abin kunya gare ni, hukuncin wannan ciniki yana cikin littafin da na karanta a zaure tun ina saurayi. Risala ta Ibn Abi Zaid ta halatta sayen abin da ba ya wurin bisa siffantawa, amma ta hana a sharɗanta biyan kuɗi tun kafin a karɓa, sai in abin yana kusa, ko kuwa irin wanda ba ya sauyawa ne kamar gida ko fili. Dabba kuwa tana iya sauyawa tsakanin hantsi da azahar. Ke nan wanda ke wata jiha mai nisa yana cewa sai ka tura kuɗi duka kafin ya ɗora rago a mota, akwai magana a cinikinsa tun kafin a zo batun cuta. Ita ma dabarar hoton ba sabuwa ba ce. Manzon Allah (SAW) ya hana a ƙi tatsar dabba don hantsarta ta cika ta ruɗi mai saye, ya kuma ba wanda aka yi wa haka zaɓin mayar da ita. Ina fata malamanmu su taɓo wannan babi a wa'azin kafin Sallah.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa a jefar da waya. Akwai wata maƙwabciyarmu, mijinta ya rasu, da kiwon rago ɗaya ko biyu take riƙe marayu. A da sai ta ba wani ya kai mata kasuwa, abin da ya dawo ya ce an saya shi ke nan, ba ta da ta cewa. Bana ɗanta ya sa hoton ragon a WhatsApp, wani ma'aikaci daga Dutse ya gani, ya turo ƙanensa ya zo har ƙofar gida ya buɗe bakin ragon ya shafa bayansa, aka yi ciniki a gaban mai unguwa, kuɗi ya shiga asusunta tana zaune a ɗaki. Ga mata masu kiwo a cikin gida wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Su ma fatake, tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 suka saba da tura kuɗi ta waya, sun huta da ɗaure miliyoyi a ƙugu suna bin hanyar Potiskum ko Wudil. Bambancin cinikin maƙwabciyar tamu da nawa ɗaya ne: ita waya ta nemo mata mai saye, amma ciniki a gaban dabba da shaidu ya faɗa.

Akwai kuma abin da ya fi asarar awakina nauyi. A 2021 gwamnatocin Zamfara da Katsina sun rufe wasu kasuwannin dabbobi, sun hana safararsu, don toshe wa ɓarayin shanu hanyar sayar da abin da suka sato. Ko a lokacin da kasuwa ke ci, baƙuwar fuska da ta zo da saniya sai an tambaye ta wa ya san ta. To, wa ke tambayar mai talla a intanet? Lambar waya ce da hoto kawai. In an kama sa na sata a turkenka, ba ka da takardar kasuwa, ba ka da dillalin da zai ce a gabansa aka yi, kai ne za ka kwana a hannun hukuma kana rantse-rantse.

Saboda haka kirana na farko ga shugabannin kasuwannin dabbobi ne. Maimakon su zauna suna kukan yara masu waya sun ƙwace musu ciniki, su shiga ciki da kansu. Kowace babbar kasuwa, Maigatari ko Mai'aduwa ko Illela, tana iya fitar da sunayen dillalanta da ta amince da su, ta yadda mai saye daga Abuja ko Fatakwal zai tura kuɗinsa hannun wanda aka sani, a riƙe har dabba ta isa ya gani, sannan a sallami mai ita. La'adar da za a biya a kan haka halaliya ce, ni da kaina da na biya ta da murna. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya da aka kafa a 2024 ita ma tana da aiki a nan: dabbar da za ta tsallaka jiha ta tafi da shaidar rigakafi da ta mallaka, masu shafukan talla kuma su daina karɓar tallar dabba daga wanda ba su tantance ko wane ne ba.

Kafin a kai ga haka, ɗan'uwana mai kiwo, in ka ga talla ta burge ka, kada ka yarda da bidiyon da aka ɗauka aka ajiye. Ka kira mai dabbar kiran bidiyo kai tsaye, ya buɗe bakin dabbar kana kallo, ya ja ta ta taka, babban mutum ya tsaya kusa da ita. In kana da wani naka a garin, ka tura shi ya gani da ido. Ka ba da kafin alƙalami kaɗan, cikon sai an sauke. Wanda ya ce maka wani Alhaji na jira kafin la'asar, ka bar wa Alhajin. In kuma dabbar ta iso, ka ɗaure ta can gefe ita kaɗai mako uku, da kwanon ruwanta daban, komai lafiyar da ta nuna.

Ragon da ya rayu na sayar da shi, bai mayar da kuɗin biyun ba. Uwargida kuwa har yau tana bina awaki uku. Ta ce jajaye take so, irin na Maraɗi, kuma ƙanenta ne zai raka ni Maigatari ya duba bakinsu.

Naka,
Wani mai kiwon turke,
Gumel, Jihar Jigawa.