Ɗaki Wayam: Ina Muka Baro Hikimar Jere?



A hutun da ya wuce na je yi wa wani abokina barka da tarewa. Ya kama hayar ciki da falo a wata sabuwar unguwa, iyayen amarya kuwa sun yi bakin ƙoƙarinsu: ga saitin kujeru, ga talabijin, ga kabad, ga ɗan kafet a tsakar falo. Amma muna cikin gaisawa sai amarya ta ce wai har yanzu ɗakin bai cika mata ido ba, kullum sai ta ji kamar a ɗakin jiran likita take zaune. Shi kuwa ango har ya fara lissafin inda zai ciwo bashi ya ƙaro kaya. Da na ɗaga kai na dubi falon sai na ga gaskiyarta, ɗakin wayam yake. Sai dai kuma na ga ko an ƙaro kujeru goma ba zai daina zama wayam ba, domin abin da ya rasa tsari ne, tsari kuwa ba a sayar da shi a kanti.

Wannan shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne, Bahaushe ya daɗe da sanin maganin ɗaki wayam, kuma maganin nan ya fi wanda muke nema yau arha da dacewa da zamanmu. Mun bar shi ne kawai saboda mun ɗauka duk abin da ya fito daga gidan ƙasa ƙauyanci ne.

Yadda magabata suka ƙawata ɗaki

Abin lura na farko shi ne, a ginin gargajiya ado tare yake tashi da gini. Magini ba ya miƙa ɗaki sai ya gama masa kwalliya. Duk wanda ya shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu wajen shekarun 1830, ya san abin da nake nufi. Babu kujera, babu kabad, amma ba wanda zai ce wurin wayam yake, saboda bakan gizo da ginshiƙai da zanen da ke jikinsu sun riƙe ido tun daga ƙasa har rufi. Haka abin yake a Gidan Makama na Kano, wanda asalinsa ke komawa ga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), da Gidan Ɗan Hausa, da gidajen unguwar Birni a Damagaram.

Ba sarakuna kaɗai ke da wannan ba. Talaka ma yana shafe bangonsa da farar ƙasa, a fitar masa da alkuki inda zai ajiye fitila, mata su taru su yi daɓe da makuba har ƙasa ta yi sumul tana ƙyalli. Mai ɗan hali ya sa a zana masa dagi a bakin ƙofa, ko a kafa masa faranti a tsakiyar daurin guga. Maginan nan kuma ba su ƙi zamani ba. Littafin da Kirk-Greene ya wallafa a 1963 a kan gidajen Zariya masu zane shaida ne, kuma an san maginan wancan lokaci sun riƙa sa keke da agogo da jirgin sama a cikin zanensu. Wato sun karɓi baƙon abu sun sa shi cikin tsarinsu na gida.

Jere

In magini ya gama nasa, sai mata su ɗora. A nan ne hikimar ta fi bayyana, kuma kalmar kanta ta ishe mu darasi. Ba a ce za a je tara wa amarya kaya ba, ba a ce za a je cika mata ɗaki ba, cewa aka yi za a je jere. Jere kuwa shi ne sa abu kusa da ɗan'uwansa bisa ƙa'ida.

Kayan jeren sun yi ta sauyawa. An yi zamanin ƙore da faya-fayi, aka zo zamanin tasoshi, aka shiga na kwalla da langa da fanteka, sannan tangaran da kuloli. Amma ƙa'idar ba ta sauya ba. Gwaggwanni da yayyen amarya sukan zaɓi bango guda, galibi wanda mai shigowa zai fara cin karo da shi, su mai da shi fuskar ɗaki. Babba a ƙasa, ƙarami a sama, kowane launi da sahunsa, hagu ta yi daidai da dama. Gado yana gefensa da rumfarsa da matasansa. Tsakar ɗaki kuwa sai a bar ta fili, a shimfiɗa tabarma, domin nan baƙuwa za ta zauna, nan za a ci abinci, nan za a yi salla. Filin nan da gangan aka bar shi, shi ya sa ba ya kama da rashi. Wannan shi ne bambancin fili da wayam: fili yana da aikin yi, wayam kuwa wuri ne da aka rasa yadda za a yi da shi.

Inda muka yi sake

Da bulo da siminti suka zo, sai aikin magini ya tsaya a kan bango huɗu da silin da ƙwan lantarki guda a tsakiya. Ado ya zama abin da za a sayo daga baya. Mu kuma sai muka ɗauko tsarin falon da muka gani a fina-finai, muka ɗauko rabinsa muka bar rabi. Mun jingina kujeru da bango sun zagaye ɗaki kamar layin masu jiran albashi. Mun sa ɗan kafet a tsakiya wanda ba ya taɓa ƙafar kujera ko ɗaya. Mun rataye agogo da kalanda can kusa da silin, inda sai mutum ya ɗaga wuya zai gan su. Da muka ga ɗaki bai haɗu ba, sai muka ce kaya ne ba su isa ba.

Illar wannan kuskure ba ta tsaya a ido ba. Kowa a cikinmu ya san gidan da aka sayar da gona ko aka ci bashi saboda kayan ɗaki, ya kuma san yarinyar da aurenta ya yi ta ja da baya don uba bai haɗa kuɗin kujeru ba. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Abin takaici shi ne, bayan duk wannan wahala sai a wayi gari amarya na cewa ɗakin bai cika mata ido ba.

Abin da na ga ya kamata

Ga shawarar da na ba abokina, kuma duk daga wurin iyayenmu mata na aro ta.

Da fari, a tambayi kai me ake yi a ɗakin nan. In mutanen gida a ƙasa suke cin abinci, a ƙasa suke hira, to shimfiɗa ita ce gaba da kujera. A nemi darduma ko tabarma mai faɗi wadda za ta shiga ƙarƙashin ƙafafun kujeru na gaba, ta haɗa su su zama majalisa guda. A janyo kujerun daga jikin bango kaɗan, su fuskanci juna yadda mutum biyu za su yi magana ba tare da ɗaga murya ba. Tumtum biyu ko uku na aikin dukawa za su cike gurbin da ake shirin ciwo bashi dominsa.

Na biyu, a zaɓi fuskar ɗaki. Bango guda ya isa. A tara abin ratayewa wuri ɗaya, daidai tsayin idon mutum, babba a tsakiya, ƙanana su kewaye shi. Faya-fayi bakwai ko tara masu launi, in an jera su da kyau, sun fi hoto guda da aka saya da tsada aka maƙala shi kaɗai a ƙaton bango. Luru ko zanen saƙi ko rinin Ƙofar Mata, in an ɗaura shi a sanda aka rataye, yana rufe bango, yana kuma rage amsa-kuwwar da ke sa ɗakin siminti ya zama kamar kango. Wanda mai gidan haya ya hana shi buga ƙusa sai ya sa kanta ko ɗan tebur ya yi jerensa a kai.

Na uku, labule. A ɗaga sandarsa ta kusa silin, a bar shi ya sauka har ya kusa taɓa ƙasa, faɗinsa kuma ya wuce taga. Guntun labule yana sa ɗaki ya zama kamar yaron da ya girme wa wandonsa.

Na huɗu, haske da launi. Ƙwai guda a tsakiyar silin yana barin kusurwoyi cikin duhu. Alkukin da muka raina hikimarsa ke nan, fitila a gefe, ƙasa-ƙasa, inda mutane suke. Fitilar tebur guda a kusurwa za ta yi wannan aiki. Launi kuma kada ya wuce biyu ko uku, kuma kowanne ya maimaitu: in akwai shuɗi a labule, a same shi a matashi, a same shi a jikin faifai. Maimaicin nan shi ne sirrin jeren kwalla.

Na ƙarshe, a bar fili, a kuma tsabtace shi. Ɗakin da aka share aka sa masa turaren wuta ya riga ya yi rabin kwalliyarsa.

Wani hanzari

Na san wani zai ce ai jeren da nake yabo shi ma gasa ce, don mata sun daɗe suna ƙirga kwallayen juna, kuma iyaye sun sha wahalarsa tun kafin kujeru su zo. Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Ban ce a koma tara kwanon da ba za a taɓa cin abinci a cikinsa ba. Abin da nake kira a ɗauko shi ne ilimin da ke cikin jere, wato sanin inda ido ke sauka, da daidaita hagu da dama, da barin wuri don mutane. Wannan ilimi ba ya bukatar dukiya. Mai faifai biyar zai iya aiki da shi, haka ɗalibi a ɗakin kwanansa na makaranta.

Kammalawa

Mu ɗaliban Hausa muna da alhaki a nan. Muna rubuta kundaye a kan waƙoƙin daɓe, alhali ba mu damu da daɓen kansa ba. Tsofaffin da suka san sunan kowane zane da ƙa'idar kowane jere suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, gidajen ƙasa kuma ana ta rushe su. Ina roƙon malamanmu su ƙarfafa mana gwiwa mu shiga lunguna mu tattara kalmomin nan da hotunansu tun da sauran masu faɗa mana.

Shi kuwa abokina, mun kwashe yini guda muna jan kujeru, amarya ta aika gida aka kawo mata faya-fayin kakarta da wani tsohon luru. Da na koma bayan mako biyu, a ƙasa na tarar da su suna cin tuwo, maganar bashi kuwa ba ta sake tasowa ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya sa mu gane, amin.