Mai zuwa ziyara, karanta takardarka da kanka

Ɗan'uwa mai karatu, ka san a ƙasarmu ta Ƙonni Musulmi ne sunka fi yawa nesa ba kusa ba. Amma akwai Kirista, kuma cikinsu akwai ƴan Katolika. Suna da majami'a a Birnin Ƙonni, tana ƙarƙashin bishop na Maraɗi. Su ma suna da wuraren da suke zuwa ziyarar ibada a ƙasashen waje. Mafi kusa da mu su ne Yagma, daf da Wagadugu, da kogon Maryamu na Dasa-Zume a ƙasar Benin, inda ake taruwa tun 1954. Akwai Kita a Mali. Masu hali suna zuwa Lurdu a Faransa, ko Roma, kamar yadda jama'a sunka yi tururuwa can a 2025, shekarar babban bikin da ake yi duk shekara 25.

In kai ba Katolika ba ne, kada ka rufe littafin. Wanda ya taɓa raka alhaji tasha zai gane maganar nan duka.

Ga abin da nike so in faɗa maka. In za a tafi cikin ƙungiya, kowa yakan kwantar da hankalinsa, ya ce ai shugaba ya san komi. A tara takardu a ba mutum guda, a tara kuɗi a ba mutum guda, sauran su jira ranar tashi. Ni ban yarda da wannan ba. Da can dole ce, don mutum guda ne ya iya karatu a gari. Yanzu kai ma ka iya. To, mi ya hana ka duba abinka?

Fara da sunanka. Ɗauko takardar haihuwa, da katin ɗan ƙasa, da fasfo in kana da shi. Shimfiɗa su bisa tabarma, ka bi harafi harafi da yatsa, kamar yadda muke yi a allo. Sau da yawa za ka iske ba su yi daidai ba. Nan an rubuta Yacouba, can an rubuta Yakoubou. Nan an ce an haife ka wajen 1968, can an sa 1970. Ga ƴan Katolika kuma akwai wani tarko. Mutum yana da sunan da anka raɗa mishi ranar baftisma, a ce Bulus, kuma da shi kowa ke kiran shi a majami'a. Mai rubuta sunayen matafiya sai ya rubuta Bulus. Alhali a takardar gwamnati babu Bulus ko kaɗan. A bakin iyaka ɗan sanda bai san baftisma ba. Takarda yake dubawa. In sunan da ke tikiti ya saɓa ma na fasfo, jirgi zai tashi ya bar ka, kuɗinka kuma sun tafi.

Gyaran suna ba aikin kwana biyu ba ne. Sai an je gidan magajin gari, wani lokaci har gaban alƙali. Wanda ba a yi ma takarda ba lokacin haihuwa, sai kotu ta ba shi wadda ke maye gurbinta, da shaidu. Fasfo kuma Yamai ake buga shi, tafiyar da ta fi kilomita 400 daga nan. Don haka wanda ya san baɗi zai tafi, ya fara da kakar bana, lokacin da akwai ɗan kuɗin albasa ko na wake a hannu. In kana da tsohon fasfo, nemi ranar da zai mutu. Ƙasashen Turai suna so ya rage mishi aƙalla wata 3 bayan ranar da za ka baro su. Wasu ƙasashe wata 6 suke nema.

Mu mutanen nan iyaka ta ɓata mu. Mun saba shiga Illela ta Najeriya mu komo ran nan, ga dangi can ga dangi nan, harshe guda. Sai mutum ya zaci ko'ina haka ne. A'a. Kuma abubuwa sun sake. A 2023 an rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, wadda ita ce hanyarmu ta zuwa Benin. Ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso sunka fita daga ƙungiyar Sedeyawo. Hanyar Burkina kuma ta daɗe tana fama da rashin tsaro. Saboda haka kada ku dogara da labarin wanda ya tafi a 2019. Kafin kowa ya zuba ko dala, a aiki mutum biyu su tambayi fada da hukuma: hanya a buɗe take? Wace takarda ake nema bana? In amsa ba ta fito sarai ba, a dakata. Ziyara ba ta gudu.

Sai allurar shawara. Ana ba da ɗan kati rawaya bayan an yi ta, kuma ana tambayar shi a iyakoki da yawa. Riƙe abu biyu. Katin ba ya aiki sai allura ta kwana 10. Na biyu, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura guda ta isa har ƙarshen rai. In ka taɓa yi, nemo katinka cikin akwati, kada ka sake biya.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ke raba zumunci. A sayi littafi guda na ƙungiya. Duk wanda ya kawo kuɗi, a rubuta sunansa, da rana, da abin da ya kawo, ya sa hannu. Shi ma a rubuta mishi a ƴar takardarsa ya kai gida. Mai riƙon kuɗi dabam, mai riƙon littafi dabam. Duk wata, bayan an taso daga majami'a, a karanta littafin da ƙarfi gaban kowa, kuma mai karantawa ya riƙa sakewa. Wani zai ce wannan rashin yarda ne, ai mutanen Allah ne mu. Ni kuwa na ce wannan shi ke kare mai gaskiya. In babu rubutu, ranar da jikka 20 ta ɓata, da mi zai wanke kansa? Kuma a tambaya tun farko: kuɗin nan da anka yanka, mi da mi ke ciki? Mota kaɗai, ko har da abinci da wurin kwana? In tafiya ta fasa, nawa za a mayar ma mutum? A rubuta amsar a shafin farko.

Benin, Burkina da Mali sefa suke ci irin tamu, ba canji. Naira ba ta da amfani can, bar ta gida. Turai kuwa yuro ne, kuma yuro 1 ya kai kusan sefa 656. Ke nan jikka 100, wadda muke gani da yawa, yuro 152 ce kawai.

Kaya kada su yi yawa. Takalmin da ƙafa ta saba da shi ya fi sabo. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ɗauki maganin da zai kai shi ya komo, da takardar likita. Masu zuwa Turai su bar kilishi gida, don ba a shiga da nama, za a karɓe. Ruwan albarka da za ka ɗebo ma mutanen gida, sa shi cikin babbar jaka, don ba a bari a shiga jirgi da babbar gora a hannu.

Kowa ya rubuta da hannunsa, a ƴar takarda, sunansa, da sunan shugaban tafiya, da lambar wayarsa, da wurin da anka sauka. Ya sa a aljihun riga, ba cikin jaka ba. Waya tana mutuwa, ana kuma sace ta cikin taro. A Dasa dubban mutane ne, kuma ba Hausa ake ji ba. Tsohuwar da ba ta fara karatu ba tukuna, wanda ke kusa da ita a mota ya rubuta mata.

Abu guda da mutanen birni ke mantawa in suna tsara tafiya: taron Dasa cikin watan Agusta ake yin shi, tsakiyar damina. Hanya doguwa ce, ta Dogon Dutsi, Doso, Gaya, Kandi, Paraku, kafin a kai. Zuwa da komowa za su ci maka mako guda ko fiye, ga ciyawa ba ta jiran kowa. Kafin ka ba da sunanka, zauna da ƙanenka ko maƙwabcinka ku yanke wa zai duba gona da bisashe, da abin da za ka ba shi. Wannan ma a rubuta.