Sanin Kotso da Kalangu Ba Hujjar Cin Mutunci Ba Ne

Jama'a, wata mummunar ɗabi'a ta yi katutu a tsakanin masu taƙama da sanin waƙoƙin baka, kuma ba za mu zuba mata ido ba. Yaro ya tashi a zangon Kumasi ko Nima, ya ji Bakandamiyar Narambaɗa ta ratsa shi, ya ce ta Shata ce. Nan take sai a yi masa ca, wannan ya kira shi jahili, wancan ya ce Hausarsa ta aro ce.

Babu shakka ya yi kuskure. Wannan Bakandamiyar ta Narambaɗa ce, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, mai kiɗan kotso. Shata kuwa, wanda ya rasu a 1999, kalangu ne kiɗansa, kamar yadda aka san Ɗan Maraya Jos da kuntigi. Wannan bayani bai wuce numfashi uku ba. To, me zagin ya ƙara masa?

Masu cewa a kawar da kai don kada a ɓata wa kowa rai, su ma ba ma tare da su, domin kuskuren da aka yi wa shiru yau, gobe shi za a ba jikokinmu a matsayin tarihi. A gyara, amma da sakin fuska. A zauren malamanmu, ladabi ake fara koya kafin nahawu.

Mu da ke nesa da tushe, 'ya'yanmu masu sauraren waɗannan makaɗa 'yan kaɗan ne. Duk wanda aka kora da baƙar magana, da wuya ya sake tambaya, ilimin kuwa ya bi mai shi kabari. Allah ya sa mu gyara.