Kafin a kashe kuɗi a kan katin girafik, a fara duba wutar gida da zafin ɗaki

Daga Maraɗi zuwa Damagaram da Yamai, matasan da ke haɗa bidiyon biki da na waƙa, da masu zanen gidaje a Blender ko SketchUp, suna ƙara yawa, kuma kusan dukkansu kwamfuta ɗaya ce ke yi musu aikin neman abinci da rana, da dare kuma a buga EA Sports FC ko GTA V a kanta. Idan ta fara nauyi, abin da aka saba shi ne a buɗe YouTube a ga katin girafik da ake yayi, sannan a tura wa yaya ko kawu da ke Faransa, Beljiyam ko Amurka sunansa. Nan ne kuɗi da yawa ke salwanta, domin masu waɗannan bidiyoyi suna gwajinsu ne a ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa, kuma shawararsu ta dace da irin ɗakinsu ne.

Kowane wat da kwamfuta ta ja yana komawa zafi ne a cikin ɗaki. Katin RTX 4090 yana jan wat 450 shi kaɗai, RTX 5090 da ya fito a 2025 kuma wat 575. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a kudancin Nijar, iskar da fanka ke turawa cikin akwatin ta riga ta yi zafi tun kafin ta isa katin. Da zarar ya kai iyakar zafin da aka sa masa, sai ya rage gudu da kansa don kada ya lalace. Mai shi ya biya kuɗin babban kati, amma aikin matsakaici yake samu. Ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe fanka cikin makonni kaɗan. Saboda haka akwati mai raga a gaba, da fanka biyu ko uku, da matatar ƙura da za a iya cirewa a wanke, sun fi akwatin gilashi mai fitilu kala-kala amfani nesa ba kusa ba, ko da yake na gilashin ne ya fi kyau a hoton TikTok.

Sai maganar wuta. Nijar ta daɗe tana sayen kaso mafi yawa na lantarkinta daga Najeriya, kuma wanda ya zauna a ƙasar a watan Agustan 2023, lokacin da aka katse layin saboda takunkumi, ya san yadda lamarin yake. Wuta mai ɗaukewa tana dawowa da ƙarfi ita ke kashe kayan kwamfuta, kuma akwatin wutar da ke cikinta, wanda masu gyara ke kira alimantasiyo, shi ke tsaye tsakaninta da sauran kayan. Abin mamaki, shi ne kuma ake fi yi wa rowa. Mutum zai zuba dukan jarinsa a kati, sannan ya ɗauko akwatin wuta marar suna da aka rubuta wa wat 700 a jiki alhali ba ya iya ba da hakan. Alamar 80 Plus ma da ake dubawa tana nuna rashin ɓarnar wuta ne kawai, ba shaidar ingancin kayan ciki ba ce. Gara a nemi na kamfanin da aka sani, irin su Seasonic, Corsair ko be quiet!, a bar masa rarar wat sama da abin da na'urar ke ja.

Haka na'urar riƙe wuta, wato onduleur ko UPS. Ƙaramar da aka rubuta wa 650VA wat 360 zuwa 390 kawai take iya ɗauka, don haka kwamfutar da ke tsakiyar renda tana iya kashe ta nan take. Wanda ya yi awa huɗu yana jiran bidiyon biki ya fita, wuta ta tafi saura minti goma, ba aikin kaɗai ya rasa ba, har da alkawarin da ya yi wa masu biki.

Bayan an gama da waɗannan ne ya kamata a zo kan katin, kuma a nan buƙatar mai wasa da ta mai renda sun ɗan rabu. Wasa yana son gudu. Renda tana son wuri, wato ma'ajiyar katin da ake kira VRAM, domin idan zanen ya fi ƙarfinta aikin yakan yi tafiyar hawainiya ko ya tsaya gaba ɗaya. Misali mai kyau shi ne RTX 3060 na 2021, wanda ke da giga 12, da RTX 4060 na 2023, wanda ke da giga 8. Na biyun ya fi gudu a yawancin wasanni kuma wat 115 yake ja maimakon 170, abin da mai aiki da sola ko janareta zai so. Amma ga mai manyan zane a Blender, tsohon yana iya ɗaukar abin da sabon zai kasa. Lambar da ta fi girma ba ita ce amsa ba kullum. Katunan AMD sukan ba da VRAM mai yawa a kuɗi kaɗan kuma suna da kyau a wasa, sai dai injin renda na Cycles a Blender ya fi sauri a katunan Nvidia saboda OptiX. Wanda renda ke ciyar da shi ya kamata ya san wannan kafin ya zaɓa.

Ba dole ba ne a rushe komai a sake sabo. Mazaunin furosesa na AM4 da AMD ya kawo tun 2016 har yanzu yana karɓar Ryzen 5 5600 ko Ryzen 7 5700X, kuma allo irin B450 yakan ɗauke su bayan an sabunta BIOS. Ƙaura zuwa AM5 kuwa na nufin sabon allo da sabuwar RAM ta DDR5, domin ba ya karɓar DDR4, kuma farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen 2025 saboda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira da ke kwashe ta. Giga 16 ta isa wasa, mai haɗa bidiyo kuma 32 ce za ta ba shi sukuni, kuma a sa ta sanda biyu maimakon ɗaya. Wanda har yanzu Windows ɗinsa ke kan tsohon faifai mai juyawa, SSD ce za ta fi canza masa rayuwa a kuɗi mafi ƙanƙanta.

Akwai tarkon da ya fi kama masu ƙaramin ƙarfi: kwamfutocin ofis na hannu irin Dell OptiPlex da HP da suka cika shaguna. Suna da araha kuma suna da ƙarko, amma da yawansu akwatin wutarsu ƙarami ne, na musamman, ba shi da wayar da babban kati ke buƙata, ramin allon kuma wat 75 kawai yake bayarwa. Wasu ma sirara ne, katin ba zai shiga ba sam. Ƙari a kan haka, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance yana neman furosesan Intel na ƙarni na 8 zuwa sama. Core i7 na ƙarni na 4 sunansa na da daɗin ji a bakin mai shago, amma ya haura shekara goma.

'Yan uwa da ke waje su ma suna da nasu alhakin. Kafin a sayi komai a aiko, a nemi hoton cikin akwatin, da sunan allon, da takardar da ke jikin akwatin wuta, da tsawon wurin da katin zai zauna. Tsofaffin akwatunan wuta daga Amurka masu jan makunni a baya, idan an bar su a 115 aka jona a wutar Nijar mai bolt 220, nan take suke ƙonewa. Garanti kuma da aka bayar a Paris ko New York da wuya ya amfani wanda ke Tahoua, domin kuɗin mayar da kayan kaɗai ya isa ya hana.

Katunan hannu sun fi buƙatar lura. Tun da Ethereum ya daina amfani da haƙa a watan Satumban 2022, ɗimbin katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka shigo kasuwa. Ba dukkansu ne suka lalace ba, amma fankarsu da man sanyaya su sun gaji. Mai saye ya dage a sa katin a kwamfuta a gabansa, a duba ainihin sunansa da manhajar GPU-Z, domin akwai tsofaffin katuna da ake canza wa suna, sannan a bar shi yana wasa ko renda na aƙalla rabin awa ana kallon zafinsa da abin da ke fitowa a allo. Mai shagon da ya ƙi yarda da wannan gwaji, a bar masa kayansa a nufi shago na gaba.